Shekara Saba'in Bayan Rasuwa: Haƙƙin Mallaka da Gadon Waƙar Hausa

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare aikin marubuci da mawaƙi muddin yana raye, da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Fim da sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 suke samu. Bisa wannan lissafi, littattafan Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, ba za su zama na kowa ba sai 2052, waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sai 2070. Matsayin wannan maƙala shi ne wa'adin ya isa, kuma tsawaita shi ba zai amfani magada ba.

Masu neman ƙari suna kafa hujja da Amurka, inda aka ƙara shekara 20 a 1998, har Mickey Mouse na 1928 ya zauna hannun Disney zuwa 2024. Suna cewa iyali ne suka cancanci cin gumin mahaifinsu. Maganar tana da nauyi, sai dai wanda ya fi cin moriyar ƙarin can shi ne kamfani mai lauyoyi da rumbun ajiya.

Halinmu daban ne. A kasuwannin ƙasar Bagudo, daga Kende zuwa bakin iyakar Benin, mai tura waƙa yana zaune a rumfa da kwamfutarsa, ya cika wa mutum katin waya da Shata da Ɗanƙwairo a kan 'yan kuɗi kaɗan. Ko sisi ba ya isa ga magada. Ko an mai da wa'adin shekara ɗari, wannan ciniki ba zai sauya ba.

Sannan fasaha daga gadon kowa take tsirowa. Imam kansa ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Grimm, ya gina Magana Jari Ce. Da an kulle waɗannan taskoki, da ba mu same shi ba. Waƙar baka ma aikin taro ce: shekarun da ake ƙirgawa daga rasuwar uban kiɗa ba su warware rabon 'yan amshi da makaɗa ba.

Saboda haka, Hukumar Haƙƙin Mallaka da jami'o'i irin su Usmanu Ɗanfodiyo su tattara kaset-kaset ɗin gidajen rediyo, su rubuta sunan duk mai hannu a kowace waƙa, a kuma shigar da masu tura waƙa tsarin lasisi mai sauƙin kuɗi. Ta haka magada za su samu haƙƙinsu cikin wa'adi, al'umma ta karɓi gadonta bayan ya cika.