Ƙwayoyin kosmik masu matsanancin ƙarfi

Ƙwayoyin kosmik masu matsanancin ƙarfi ƙananan ƙwayoyi ne, galibi furoton da cibiyoyin ƙwayar zarra, waɗanda ke faɗowa duniya daga sararin samaniya da gudu dab da na haske. Ana auna ƙarfinsu da EeV, wato elektironbolt biliyan sau biliyan. Mafi ƙarfinsu ba su da yawa: fili mai murabba'in kilomita ɗaya kan yi shekara 100 ko fiye bai samu ko guda ba.

Tarihi

Victor Hess ne ya gano ƙwayoyin kosmik a 1912 cikin balan-balan. Ranar 15 ga Oktoba 1991, na'urar Fly's Eye da ke Utah a Amurka ta kama wata mai kimanin EeV 320, fiye da ninki miliyan 40 na ƙarfin da injin LHC ke bai wa furoton.

Asalinsu

Gano inda suka fito yana da wuya, domin suna ɗauke da cajin lantarki, maganaɗisun sararin samaniya kuma yana karkatar da su a hanya. Inda ƙwaya ta ɓullo ba lallai ne can ta taso ba.

Hujja mafi ƙarfi ta zo daga cibiyar Pierre Auger da ke Malargüe a Ajantina. Cibiyar tana da tankunan ruwa sama da 1,600 a fili mai murabba'in kilomita 3,000, kusan ɗaya bisa takwas na faɗin jihar Jigawa. Idan ƙwaya ta daki iska tana tarwatsewa zuwa biliyoyin ƙananan ƙwayoyi, su ne tankunan ke kamawa. A 2017 cibiyar ta nuna, bayan nazarin ƙwayoyi sama da 30,000 masu ƙarfin da ya haura EeV 8, cewa sun fi zuwa daga wani ɓangare na sama da kusan kashi 6 cikin ɗari. Ɓangaren yana da nisan kimanin digiri 120 daga tsakiyar galaksinmu, Milky Way, alamar cewa daga waje suke zuwa.

Sai dai mafi ƙarfinsu ba za su fito daga nesa sosai ba. A 1966 Greisen, Zatsepin da Kuzmin suka yi lissafin cewa furoton da ya haura kimanin EeV 50 yana rasa ƙarfi idan yana karo da hasken da ya saura daga farkon sararin samaniya. Ana zargin manyan baƙaƙen ramuka da ke tsakiyar wasu galaksi, da galaksin da ke haifar taurari da sauri. Ƙwayar Amaterasu, mai kimanin EeV 244, da aka kama a Utah a 2021, ta ɓullo ne daga wani sashe da galaksi suka yi ƙaranci ƙwarai.