Fara Ba Ta Ɓarna Sai Ta Taru: Darasin 2004

Duk wanda ya tashi a Adar, daga Madawa zuwa Buza da Keita, ya ji manya suna zancen shekarar fara. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, hwarar nan da ke rufe rana tsaka, a asalinta kaɗaita take so. A dajin Ayar da Tamesna take zama ɗai-ɗai, launinta kamar na ƙasa, tana gudun ƴar uwarta, da dare take tashi.

To me ke sauya ta? Cinkoso. In ruwa ya sauka da yawa a hamada, ciyawa ta fito, fara ta hayayyafa. Da ciyawar ta fara bushewa, sai kowa ya nufi ɗan koren da ya rage. Nan ƙafafunsu na baya ke gogar juna, suna ganin juna, suna jin warin juna. Cikin ƴan awoyi halinsu ya juya: mai gudun taro ta koma mai neman taro. Ɗango ya yi baƙi da rawaya, yana tafiya sahu guda kamar soja. Wani masani ɗan Rasha, Boris Uvarov, shi ya gane a 1921 cewa fara mai kaɗaita da mai taro iri ɗaya ce. A 2009 kuma masana a Ingila suka nuna cewa sinadarin serotonin ke kunna wannan sauyi.

Hukumar FAO ta ce garken da ya rufe kilomita ɗaya murabba'i yana ɗauke da fara miliyan 40 zuwa 80, kuma a yini guda yana cin abincin mutum 35,000. A 1988 wasu garkuna sun ƙetare tekun Atlantika har tsibiran Karebiyan.

Mu dawo gida. A damanar 2003 an yi ruwa sosai a Sahel, fara ta samu abin da take so. Tun watan Oktoba FAO ta yi gargaɗi, amma kuɗin feshi ba su zo da wuri ba. Garkunan suka haye Magrib, suka ƙara haihuwa, suka dawo mana a damanar 2004, daidai lokacin da ruwa ya ɗauke da wuri. Jihar Tawa na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Hatsi ya tafi, makiyaya ta tafi. Ƙasa ta rasa kusan tan 223,000 na abinci, farashin tiyar hatsi ya yi sama, na bisashe ya faɗi. A 2005 sai da ƙungiyar MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a Keita.

Gaskiya ba fara kaɗai ta kawo yunwar ba. Fari da tsadar kasuwa sun yi nasu. Amma ita farar ana iya tare ta tun tana ɗango, ba ta da fiffike, a fili kaɗan. Shi ya sa bayan wannan masifa Nijar ta kafa cibiyar yaƙi da fara, CNLA, mai tura ƴan sintiri arewa.

Ƴan uwa ɗalibai, sintiri ba ya kaiwa ko'ina. Makiyayin da ya ga ɗango ya taru a fadama shi ne ido na farko. In kun je hutu gida, ku gaya masa ya kai labari ga malamin gona ranar da ya gani, kada ya jira ranar kasuwa.