Wanda aka rage wa hanya, wa zai biya diyyarsa?

1/ Da kaka a Tudun Wadan Zariya za ka ga a-kori-kura cike da masara, mutane a kan buhuna, an rage musu hanya. In ta kife fa?

2/ Dokar inshorar mota ta 1945, da Turawa suka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1930, ta wajabta inshora saboda wanda ka kaɗe a titi. Wanda ka ɗauka kyauta a motar kaya kuwa, dokar ba ta sa shi a ciki ba.

3/ Ingila ta toshe wannan giɓin a 1972. Tamu dokar sai 2025 aka sauya ta.

4/ Mai mota, tambayi kamfanin inshorarka ko fasinjan kyauta yana ciki. In babu, diyyar na iya dawowa kanka.