Ƙaramin akwatin kwamfutar tebur marar ƙara: abin da ake dubawa kafin saye

Akwatin kwamfuta, wanda masu shaguna a Yamai, Garwa da Injamena ke kira boîtier, shi ne gidan da ake ɗaure allon uwa, fankoki da na'urar ba da wuta a cikinsa. Da lita ake auna girmansa, kuma galibi wanda bai kai lita 20 ba shi ake kira ƙarami.

Allon uwa ne ke fara yanke hukunci. Samfurin Mini-ITX, wanda kamfanin VIA na Taiwan ya fito da shi a 2001, santimita 17 ne tsawo da faɗi, microATX kuwa 24.4. Akwatin da aka ƙera don Mini-ITX ba ya ɗaukar microATX. Haka ma na'urar ba da wuta: NR200 na Cooler Master, mai kimanin lita 18, an tsara shi ne don ƙaramin samfurin SFX, alhali Node 304 na Fractal Design yana karɓar babban samfurin ATX, wanda ya fi sauƙin samu a kasuwa idan ta ƙone. Kamfanoni na rubuta iyakar tsawon katin hotuna da tsayin mai sanyaya firosesa da milimita. Wanda bai duba ba, sai ya isa gida marfi ya ƙi rufuwa.

Ƙarar kuwa ba daga akwatin take fitowa ba, daga fankoki ne. Fanka mai milimita 120 ko 140 tana tura iska mai yawa tana juyawa a hankali, ta 80 kuwa sai ta yi gudu, shi ya sa take kuka. Don haka akwatin da ke ɗaukar manyan fankoki ya fi wanda ya ɗan fi shi ƙanƙanta. Ma'ajiyar SSD ba ta da abin da ke juyawa a ciki, ba ta ƙara ko kaɗan.

Akwai akwatunan da ake liƙa wa soso a bango don danne sauti. A ɗaki mai sanyi suna aiki. Amma a Marwa ko Agadas, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, sosan da rufaffiyar gaba suna riƙe zafi, fankoki su ƙara gudu, ƙarar da aka gudar wa ta dawo. A irin wannan wuri mai gaban raga ya fi dacewa. Akwatunan alminiyam marasa fanka, irin na Streacom da Akasa, shiru suke sarai, sai dai da tsada, kuma firosesa mai ƙarancin cin wuta kawai suke iya sanyayawa.

Sai ƙurar hunturu. A nemi akwati mai matatar ƙura da ake zarewa a wanke ba tare da kwance kusoshi ba, iskar da ke shiga ta ɗan fi mai fita yawa don kada ƙura ta kutsa ta ramuka, sannan a ɗora shi kan tebur maimakon ƙasa.