Gicciyen Kong: Aikin Maƙera da Ma'anarsa ta Addini

Gabatarwa

A tsakiyar zamanai, Kiristocin Turai sun riƙa ƙera wani irin gicciye wanda aikinsa shi ne adana abu mai tsarki, wato ƙashin wani waliyyi ko guntun itacen da suka yi imani a kansa aka gicciye Yesu Almasihu. Bisa ruwayarsu, Helena, mahaifiyar Sarki Kwanstantin, ita ta gano wannan itace a birnin Ƙudus wajen shekarar 326. Daga nan aka riƙa tsaga shi ƙanana-ƙanana ana aika wa sarakuna da manyan majami'u. Gicciyen Kong na ƙasar Ayalan yana cikin misalan da suka fi shahara.

Tarihinsa

A shekarar 1123 aka kai wani guntu na wannan itace Ayalan. Sarkin yankin Konak, Turlo O'Kono, ya ba da umarni a ƙera masa mazauni. Daga baya gicciyen ya koma gidan ibada na garin Kong, inda ya samo sunansa. A 1839 aka saye shi aka kai shi Dublin, kuma yanzu yana gidan tarihi na ƙasa da ke birnin.

Yadda Aka Ƙera Shi

Tsawonsa ya kai santimita 76. Cikinsa itace ne mai ƙwari, wanda aka lulluɓe da fale-falen tagulla na zubi, aka shafe su da ruwan zinariya. A kan kowane falle akwai siffofin dabbobi sirara masu kama da macizai, sun sarƙe da juna kamar saƙa. Wannan salo ya nuna cuɗanyar maƙeran Ayalan da mutanen arewacin Turai da suka zauna a ƙasar. A gindinsa akwai kan wata dabba da ta cije shi, sannan da kwaroron da ake zura sanda domin a ɗaga shi yayin jerin gwano.

A tsakiya, inda hannuwan gicciyen suka haɗu, an kafa wani dutse mai garai-garai kamar gilashi, aka kewaye shi da siraran wayoyin zinariya murɗaɗɗu. Bayan dutsen ne aka ajiye guntun itacen.

Ma'anarsa

A wurin masu ibada, darajar gicciyen tana ga ɗan guntun da ke ciki. Zinariya da tagulla sutura ce kawai, wadda ke sanar da mai kallo girman abin da aka sa wa ita. Shi ya sa dukkan adon yake jan ido zuwa tsakiya.

Haka kuma, an zana rubutu a gefunansa da Latin da harshen Ayalan, ana roƙon addu'a ga sarkin da shugabannin majami'a da maƙerin, mai suna Mel Isu. Ke nan, sarki ya nemi lada da ɗaukakar mulkinsa, maƙeri kuma ya ɗauki sana'arsa a matsayin ibada.

Kammalawa

Guntun itacen ya ɓace tun da daɗewa. Abin da ya rage shi ne mazaunin da aka yi dominsa, da sunayen waɗanda suka nemi a yi musu addu'a shekara 900 da suka wuce.