Allurar Raunin Mazakuta: Yadda Take Aiki da Waɗanda Ba Ta Dace da Su Ba

Allurar raunin mazakuta magani ne na asibiti da ake yi wa namijin da gabansa ba ya miƙewa yadda zai iya saduwa da matarsa. Ba a hannu ko a ɗuwawu ake yin ta ba. Da siririyar allura ake sa maganin a gefen gaban, cikin tsokar nan mai kama da soso wadda ke cika da jini idan namiji ya tashi. Maganin yana sassauta jijiyoyin jini su buɗe, jini ya shiga ya tsaya. Cikin minti 5 zuwa 20 gaba yakan miƙe, kuma abin da likita ke nema shi ne miƙewar da ba za ta wuce awa ɗaya ba.

Wani likitan tiyata ɗan Faransa, Ronald Virag, shi ne ya bayyana wannan hanya a 1982 da maganin papaverine. A 1995 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da alprostadil, wanda ake sayarwa da sunan Caverject. Ƙwayar Viagra sai a 1998 ta fito, wato allurar ta girme ta.

Bambancinsu shi ne, ƙwaya tana jiran sha'awa da saƙon jijiyoyi kafin ta yi aiki, allura kuwa ba ta jiran kowa. Shi ya sa ake ba da ita ga wanda ciwon sukari ya daɗe yana cin jijiyoyinsa, ko wanda ya ji rauni a laka, ko aka yi wa tiyatar cire ƙullin nan na ƙarƙashin mafitsara. Haka ma mai ciwon zuciya da ke shan maganin nitrate, wanda Viagra za ta iya faɗar masa da jini, likita na iya duba masa wannan hanya.

A cikin birnin Zariya, kamar sauran garuruwanmu, mun saba ɗaukar allura a matsayin wadda ta fi ƙwaya ƙarfi, kuma mutum yakan fi son ya raɗa wa mai kemis damuwarsa da ya bi layin asibiti. Kunya ce, mun gane. Amma wannan allura ba ta kemis ba ce. Ta farko a gaban likita ake yin ta, ya fara da ɗan kaɗan yana ƙarawa har a sami gwargwadon da ya dace da mutum, sannan ya koya masa inda zai soka, nesa da jijiyoyin sama da kuma hanyar fitsari ta ƙasa. Ba a yin ta fiye da sau 3 a mako, kuma a bar aƙalla awa 24 tsakani.

Babban haɗarinta shi ne gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya. Jinin da ya maƙale ba ya samun iska, tsokar ta fara mutuwa. Idan ya kai awa 4, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Likita zai zuƙe jinin, ya sa maganin da ke tsuke jijiyoyi. Wanda ya zauna a ɗaki kwana ɗaya ko biyu yana jiran abin ya sauka da kansa, sau da yawa yakan rasa ƙarfin gabansa har abada. Mazauna cikin gari suna da Asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, akwai asibitin St. Luke a Wusasa, likitocin mafitsara kuwa suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Abin da ya fi shafar mu a nan shi ne sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, kuma masu SS dama sukan yi fama da wannan miƙewa ko ba tare da wani magani ba. Takardar da ke cikin kwalin Caverject ta hana shi ga mai sikila, har da mai AS, da kuma masu wasu nau'o'in sankarar jini. Matasanmu yanzu suna gwajin jini kafin aure, amma magidanta da yawa da suka haura shekara hamsin sun yi aure tun ba a tambayar wannan takarda, kuma su ne suka fi neman allurar. Don haka gwajin jini ne ke zuwa farko.

Sauran illolin sun haɗa da zafi a gaba, ɗan kwanciyar jini a wurin da aka soka, da tabo mai tauri da kan lanƙwasa gaba idan ana maimaita wuri ɗaya. Mai shan maganin tsinka jini, irin warfarin, ya sanar da likita tun farko.

Raunin mazakuta sau da yawa shi ne alamar farko ta sukari, hawan jini ko toshewar jijiyoyin zuciya, shi ya sa likita zai auna waɗannan kafin ya rubuta komai. Muna kuma ba da shawara a je da uwargida. Mata da yawa sukan zaci an daina son su ne, alhali ciwo ne, kuma ita ce za ta duba agogo ta nemo mota idan awa huɗu ta cika.