GEORGE WHITE DA YAƘIN KARE ƘURI'AR BAƘAR FATA A MAJALISAR AMURKA, 1897-1901

Wannan lacca ta shafi wani ɗan majalisa ne na ƙasar Amurka mai suna George Henry White, wanda ya wakilci wani yanki na jihar Karolina ta Arewa a Majalisar Wakilai ta Tarayya daga shekarar 1897 zuwa 1901. A duk tsawon waɗannan shekaru huɗu shi kaɗai ne baƙar fata a cikin majalisar, kuma yana ji yana gani aka bi jiha jiha ana ƙwace wa jama'arsa ikon jefa ƙuri'a. Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci nazari shi ne inda ya ɗora laifin. Jihohin Kudu ne suka aikata, amma babban ƙorafinsa yana kan gwamnatin tarayya, wadda take riƙe da dokar hana wannan ɗanyen aiki a hannunta, sa'an nan ta kau da kai.

Sa'ad da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865 aka soke bauta, an yi wa tsarin mulkin ƙasar gyare-gyare. Gyara na 14, na shekarar 1868, ya mai da 'yantattun bayi cikakkun 'yan ƙasa, ya kuma ce duk jihar da ta hana mazajenta baligai zaɓe za a rage mata yawan kujerunta a Majalisar Wakilai gwargwadon waɗanda ta hana. Gyara na 15, na 1870, ya haramta hana mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa ko don ya taɓa zama bawa. Muddin sojojin tarayya suna Kudu waɗannan dokoki sun yi aiki, ko da yake da ɗingishi. Da aka janye sojojin a 1877 sai masu mulkin dā suka shiga neman hanyar komawa kan karagarsu.

Jihar Misisifi ce ta nuna hanyar, a cikin sabon tsarin mulkinta na 1890. Ba a ambaci launin fata ko sau ɗaya a cikin sharuɗɗan zaɓe ba. Abin da aka ce kawai shi ne, sai mutum ya biya harajin dala 2, sa'an nan ya iya karanta wani sashe na tsarin mulkin jihar, ko kuwa ya yi bayaninsa in an karanta masa. To, wa zai yanke hukunci cewa bayanin ya gamsar? Malamin rajista. Watau dai an ɗauki 'yancin da tsarin mulkin ƙasa ya bayar an damƙa shi a hannun wani ƙaramin ma'aikaci da ke zaune a bayan tebur, wanda yake iya miƙa wa Bature jumla mai sauƙi ya ce ya ci, ya miƙa wa baƙar fata sashen da ko lauya sai ya yi gumi, ya ce ya faɗi. Duk wanda ya san aikin ofis ya san cewa dokar da ta bar kome ga ganin damar ma'aikaci, ba ta bukatar ta faɗi wanda ake nufi da ita. Sakamakon ya fito fili a jihar Luwiziyana, wadda ta bi sawu a 1898: baƙar fata masu rajista sun haura 130,000 a 1896, amma a 1904 saura 1,342.

Gwamnatin tarayya kuwa ja da baya ta riƙa yi. A 1890 Henry Cabot Lodge ya kawo shirin doka na sa jami'an tarayya su sa ido a kan zaɓen 'yan majalisa. Majalisar Wakilai ta amince, amma ya mutu a Majalisar Dattijai a farkon 1891. A 1894 majalisa ta soke yawancin dokokin sa ido da suka rage tun zamanin bayan yaƙi. A 1898 Kotun Ƙoli ta duba sharuɗɗan Misisifi ta ce ba ta ga aibinsu ba, tun da a rubuce ba su ware kowa ba.

A cikin wannan hali ne White ya shiga majalisa. An haife shi a 1852, ya gama karatu a Jami'ar Howard a 1877, ya yi aikin koyarwa, ya zama lauya, ya zauna a majalisar dokokin jiharsa, ya kuma yi shekara takwas yana mai gabatar da ƙara na gwamnati. Ɗan jam'iyyar Rifablikan ne. A nan ya kamata mai karatu ya kiyaye, kada ya auna jam'iyyun wancan zamani da ma'aunin yau: a lokacin Rifablikan ita ce jam'iyyar Lincoln da 'yantattun bayi, Dimokurat kuwa ita ce ta masu mulkin Kudu. White ya ci zaɓen 1896 ne a daidai lokacin da Rifablikan ta haɗa kai da wata jam'iyya ta ƙananan manoma, akasarinsu Turawa matalauta, suka karɓe mulkin jihar. Wannan haɗin kai na talaka fari da talaka baƙi shi ne abin da ya fi tayar wa manyan Dimokurat hankali.

Shekarar 1898 ta zo da jini. A watan Fabrairu, a wani gari na jihar Karolina ta Kudu, taron Turawa suka cinna wa gidan Frazier Baker wuta da dare, suka harbe shi da jaririyar 'yarsa. Laifinsa shi ne baƙar fata ne da gwamnatin tarayya ta naɗa shugaban gidan waya. White ya kai maganar gaban majalisa. An yi shari'a a shekara mai zuwa, ba a hukunta kowa ba. A jiharsa kuma Dimokurat suka yi yaƙin neman zaɓe a kan fifikon farar fata ƙiri-ƙiri, da jaridu, da mahaya masu jajayen riguna ɗauke da bindigogi. Ranar 10 ga Nuwamba, kwana biyu bayan zaɓe, 'yan bindiga suka ƙone ofishin jaridar baƙar fata a birnin Wilmington, suka kashe mutane da dama, suka tilasta wa zaɓaɓɓun shugabannin birnin sauka, madugunsu Alfred Waddell ya zama magajin gari. Shugaba McKinley, wanda ɗan jam'iyyar White ne, bai aika da soja ko ɗaya ba.

Daga nan White ya ɗauki batun ƙuri'a da batun tsaron rai a matsayin abu guda, kuma lalle yana da gaskiya, domin wanda ba ya zaɓen shugaban 'yan sandan gundumarsa, ba ya kuma zama cikin masu taya alƙali yanke hukunci, ba shi da wanda zai kai wa kuka. A watan Janairu na 1900 ya gabatar da shirin doka wanda zai mai da kisan gilla da taron jama'a ke yi ba tare da shari'a ba ya zama laifin da kotun tarayya za ta hukunta. Shirin bai ko fito daga kwamitin shari'a ba.

A watan Agusta na wannan shekara Karolina ta Arewa ta yi nata gyaran. Ta sa jarrabawar karatu da haraji, ta kuma ƙara wata dabara da ta aro daga Luwiziyana, wadda ake kira sharaɗin kaka: duk wanda shi ko ubansa ko kakansa yake da ikon zaɓe kafin farkon 1867, an ɗauke masa jarrabawar. Da haka Bature jahili ya tsira, jikan bawa kuwa ko malami ne sai ya tsaya gaban malamin rajista. White ya ga ba amfanin sake tsayawa takara. Ya ce ba zai iya ci gaba da zama a jihar ba a kuma ɗauke shi a matsayin mutum.

Saura makami ɗaya. An yi ƙidayar jama'a a 1900, majalisa tana shirin raba kujeru, White ya goyi bayan masu cewa a yi aiki da gyara na 14 a rage kujerun jihohin da suka hana mutanensu zaɓe. Hujjar a bayyane take: ana ƙidaya baƙar fata wajen ba jiha kujeru, ana hana su zaɓen wanda zai hau kujerun, saboda haka ƙuri'ar Bature guda a Kudu ta fi ta ɗan'uwansa na Arewa nauyi. Rifablikan ce ke da rinjaye a majalisar, amma ta ƙi. Ba a taɓa yin aiki da wannan sashe na tsarin mulki ba.

Ranar 29 ga Janairu, 1901, ya yi jawabinsa na ban kwana, inda ya lissafa gonaki da makarantu da dukiyar da mutanensa suka tara tun daga 'yanci, ya ce wannan rabuwa da majalisa ta ɗan lokaci ce, wata rana za su dawo. Ya koma Washinton, daga baya Filadelfiya, ya kafa banki, ya kuma taimaka wajen kafa wani gari na baƙar fata a jihar New Jersey wanda ake kira Whitesboro. Ya rasu a 1918.

Ɗan lokacin nan ya yi tsawo. Sai a 1929 wani baƙar fata, Oscar De Priest, ya sake shiga majalisar, shi ma daga Shikago a Arewa. Kotun Ƙoli ta rushe sharaɗin kaka a 1915, amma jarrabawar karatu ta ci gaba har zuwa Dokar 'Yancin Zaɓe ta 1965, wadda ta mai da sa idon tarayya da aka soke a 1894, kuma ita ma Kotun Ƙoli ta rage mata ƙarfi a 2013. Daga jihohin da suka yi tawaye a yaƙin basasa, sai a zaɓen 1972 Barbara Jordan ta Teksas da Andrew Young na Jojiya suka samu shiga. Karolina ta Arewa ba ta sake aika baƙar fata majalisa ba sai 1992. Dokar tarayya ta hana kisan gillar taron jama'a kuwa, sai a watan Maris na 2022 aka sa mata hannu, shekara 122 bayan White ya gabatar da tasa.